Wasa Uku Kacal, an Riga an Raba Kofi a Gadarif

Tun shekarar 1992 da Hilal ta Port Sudan ta yi wa manya ba-zata, babu ƙungiyar da ta sake ɗaga kofin gasar ƙwallon ƙafa ta Sudan in ba Hilal ko Merrikh na Omdurman ba. Yaron da aka raɗa wa suna a wancan lokacin yau magidanci ne da 'ya'yansa, bai kuwa taɓa ganin zakara na uku ba. Wanda bai san mutanen Gadarif ba zai zaci gasar da aka san ƙarshenta haka ba za ta ba kowa abin faɗa a makonnin farko ba. To ya zo ya nemi benci a gaban mai shayi bayan sallar magariba, a unguwannin da Hausa da Larabci ke cuɗanya a baki ɗaya, ya ji yadda ake yanke wa kakar wasa hukunci tun ba a buga wasa na huɗu ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da gasar gida, manyan ƙungiyoyin biyu suka bi sahun jama'a zuwa gudun hijira. Kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya suka buga ta, daga can suka koma ta Ruwanda. Wannan bai rage wa musu ƙarfi ko kaɗan ba. Abin da ya ƙaru shi ne sunayen ƙungiyoyin da babu mai iya furtawa daidai, ga kuma baƙi daga Khartoum da Wad Madani da suka zo garin da nasu ra'ayoyin.

Uban tafiya a wannan majalisa shi ne Mai Tebur. Da rana dillali ne a kasuwar amfanin gona, wadda farashin riɗi da dawa na yankin duka ke fitowa daga cikinta. Yana da littafi guda mai kaurin bango da ya sha maiƙo: daga gaba lissafin kintarin riɗi da buhunan dawa, daga baya teburin gasa da ya ja wa layi da hannunsa. Tabaraunsa ƙafa ɗaya gare shi, ɗayar zare ce. Abin mamaki game da shi, ba ya kallon wasa. Yakan juya wa talabijin baya, sai an yi ihu ya ɗago ya ce, "Wa ya ci? Minti nawa?" ya rubuta, ya koma kan littafinsa. Ƙwallon da aka ci da ka daga kwana da wadda ta bugi ƙafar mai tsaron baya ta gangara raga, duk ɗaya suke a wurinsa.

Da zarar an buga wasa uku, sai ya buɗe shafi ya yi gyaran murya. Hilal ta ci uku, maki tara ke nan. In wasa talatin za a yi, tara sau goma casa'in. Merrikh ta yi kunnen doki sau ɗaya, don haka a ƙarshen kaka za a ba ta ratar maki ashirin, ya kuma faɗi makon da za a miƙa kofi. Yana rantsuwa ba ya goyon bayan kowa, alƙaluma kawai yake bi, amma ba a taɓa ganinsa da hula mai ja ko rawaya irin na Merrikh ba, alƙalaminsa ma shuɗi ne irin na Hilal. Inda ake kama shi shi ne wajen kwantan wasa. Ƙungiyoyin biyu suna yawan ɗage wasanninsu saboda gasar Afirka, to duk kwantan da Hilal ke da shi Mai Tebur ya riga ya zuba masa maki uku da fensir, na Merrikh kuwa sai ya ce, "A'a, wannan sai an buga mun gani."

Zuwan Muritaniya ya zame masa gaba ta kai shi. Tun da baƙi ne, makinsu ba ya hana 'yan gida fitar da nasu zakaran, sai mutumin ya samu dalilin riƙe tebur biyu, ɗaya da 'yan Sudan ɗaya babu su, kullum da dare yana karanta duka biyun daga sama har ƙasa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Da Hilal ta ƙare a saman tebur kuwa, ya yi mako guda yana zagaya benci benci da shafin da ya rubuta tun farkon kaka, babban yatsansa a kan layin da ya yi hasashen ratar maki, wanda bai zo ko kusa ba. Wani manomi ya taɓa tare shi: "Kawu, kai da ba ka taɓa yarda ka yi wa riɗi kuɗi yana tsaye a gona ba, kullum kana cewa sai an yanka an kakkaɓe ya shiga buhu, yaya ƙwallo kake sa mata farashi tun tana fure?" Mai Tebur ya gyara zaren tabarau ya ce, "Ɗana, riɗi ƙwari na cinsa. Hilal fa, wa zai ci ta?" Daren nan aka ci ta ɗaya da nema. Washegari ya zo da bayanin cewa wannan ma yana cikin lissafi.

Kusa da shi akwai Mai Korar Koci. Canjaras ɗaya ya ishe shi. A shekarun da Florent Ibengé ɗan Kwango ya yi yana horar da Hilal, daga 2022 zuwa 2025, wannan bawan Allah ya kore shi kusan kowane mako, har da lokacin da ya kai ƙungiyar zagayen 'yan takwas na gasar zakarun Afirka ba tare da ta taka filinta ba. Tun da Ibengé ya koma Azam ta Tanzaniya a 2025, shi ne kan gaba wajen cewa ba za a sake samun irinsa ba. Takwaransa na ɓangaren Merrikh bai cika samun damar yin wannan aikin ba, don shugabannin ƙungiyar sukan riga shi: Lee Clark ɗan Ingila ya zo a 2021, ya tafi bayan 'yan watanni, ya dawo a 2022, ya sake tafiya kafin a gama koyon sunansa.

Akwai wanda alƙalin wasa ne kaɗai damuwarsa. A da ya ce duk alƙalan Sudan an saye su. An koma Nuwakshot ya ce an saye su, an koma Kigali ya ce an saye su, bai dai taɓa faɗin wanda ke da wannan uban kuɗi ba. Akwai yaro mai tuƙa keken raksha da ke sanye da rigar Real Madrid, wanda ke leƙowa kawai ya ce duk wannan ba ƙwallo ba ce, sannan ya tsaya har a tashi. Akwai baƙon Omdurman da gidansu, a faɗarsa, ke bayan filin Merrikh, ɗan'uwan matarsa kuma direban motar ƙungiya ne, don haka ya san ɗan wasan da za a saya kafin shi ɗan wasan ya sani. Ana ƙyale shi ya yi ta yi. Mutumin da ya bar gidansa da kayansa ya fito da 'yar jaka, ba a yi masa rowar kunne.

Sai Baba Tsoho, wanda a wurinsa ƙwallo ta ƙare tun 1989. Ba ya musu a kan wasan jiya, don bai ɗauke shi wasa ba. A ce masa sabon ɗan wasan gaba ya zura uku a wasa biyu, sai ya kurɓi gahawarsa ta jabana ya tambaya ko yaron ya san wanda ya ci Ghana a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Khartoum a 1970. A yaba wa mai tsaron raga, sai ya yi tsaki ya kira sunan Hamid Biraima, wanda ya tsare wa Merrikh gida a shekarar da ta doke Bendel United ta Najeriya ta ɗauko kofin da ake kira na Mandela. In ɗan Hilal ya ce su ma sun je wasan ƙarshe na zakarun Afirka sau biyu, a 1987 da 1992, sai Baba ya ce, "Kun je, jikana. Da me kuka dawo?" Duk wasannin nan a rediyo ya ji su, amma yana iya nuna inda kowane ɗan wasa ya tsaya, da kofunan shayi a kan tire.

Nau'in da ba a samun irinsa sosai sai a irin waɗannan unguwanni shi ne Mai Ƙasa Biyu. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa a kan hanyar hajji suka yada zango a nan, shi kuwa bai taɓa ganin Kano ba sai a fim. Duk da haka in Super Eagles na tashe, "mu" yake cewa. In Sudan ce ke tashe, nan ma "mu". Ya daɗe yana cin wannan riba, har ya yi rawa a titi ranar da 'yan wasan Sudan na koci Kwesi Appiah suka ci Ghana biyu da nema a Libiya a Oktoban 2024. Asirinsa ya tonu a watan Agustan 2025, da Sudan ta lallasa Najeriya huɗu babu ko ɗaya a gasar CHAN a Zanzibar. Duk benci ya juyo yana jira a ji wace "mu" ce za ta fito. Mutumin ya yi shiru, ya ce ai wasan 'yan'uwa ne, sannan ya zagaya bayan shago ya aika wa wani ɗan'uwansu na nesa a Kano saƙon murya mai tsawon minti shida.

A ƙarshen benci kuma akwai mai jimla ɗaya tak: "Ai farkon kaka ne, a bari a gani." Yana faɗinta a mako na biyu, yana faɗinta a na goma sha biyar, ta haka bai taɓa faɗuwa a musu ba, bai kuma taɓa biya wa kowa shayin caca ba. Ana raɗe-raɗin yana rubuta wa wata mujalla labarin sauran.

Duk waɗannan ana shan shayi da su ana dariya, in ɗaya bai zo ba a aika yaro ya dubo ko lafiya. Akwai dai guda ɗaya da ba ya ba kowa dariya. Shi ba ya zuwa sai lokacin rajistar 'yan wasa, daidai lokacin da kuɗin riɗi ya fara shiga hannun mutane. Waya biyu gare shi, da takalmi mai sheƙi da bai san laka ba, a garin da baƙar ƙasarsa ke riƙe tayar mota da damina. Yakan tsaya a bakin filin unguwa da la'asar ya zaɓi yaron da ya fi gudu, sannan ya bi shi gida. Labarinsa ɗaya ne kullum: Stephen Worgu, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar zakarun Afirka ta 2008 yana Enyimba, Merrikh ta saye shi a kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura dala miliyan biyu. "Alhaji, ɗanka ya fi shi ƙafa. Kuɗin fasfo da na mota kawai za ka kawo, sauran nawa ne."

Ba ya taɓa cewa a kai yaron ya gwada a ƙungiyoyin garin, ko a Shurɗa ta Gadarif da ta taɓa buga babbar gasar ƙasa, inda uba zai iya takawa da ƙafarsa ya tambaya. Gwajin nasa kullum a wata ƙasa yake, kullum kuma saura kwana uku a rufe. Mai wannan rubutu ya san gidan da aka sayar da buhunan dawar da aka ajiye don cin shekara, yaro ya daina zuwa makaranta ya zauna da jaka a ɗaure yana jiran kira, har lambar ta daina shiga. Uban bai kai ƙara ko'ina ba saboda kunya. Yaron ko filin unguwa ya daina zuwa, don abokansa sun riga sun sa masa suna ɗan Turai. A lokacin da yaƙi ya rufe wa matasa makarantu da ayyuka, wannan mutumin ya gano cewa babu hajar da ta fi saurin tafiya kamar alƙawarin fita.

Bana ma ya dawo, da sabon layi da sabon labari. Ya ce tun da manyan ƙungiyoyi suna Ruwanda, yana da mutum a Kigali. Ya ja kujera zai zauna, mai shayi ta ɗauke kofin da ta riga ta ajiye masa ta ce, "Malam, sukari ya ƙare." Gwangwanin sukarin yana gabanta a cike, kowa yana gani. Mai Tebur ya buɗe littafinsa ta gaba, wajen da yake rubuta masu bashi, ya tambaye shi cikakken sunansa da na mahaifinsa.