Dala Hamsin Zuwa Makaranta

Ranar da sunana ya fito cikin ɗaliban Faransanci da za a tura musayar karatu ƙasar waje, ban tsaya karanta sunan ƙasar ba sai da na gama buga waya. Na kira Inna, na kira abokan ƙwallo, na kira har wata yarinya a Gagarawa da ta daina ɗaukar wayata tun ƙaramar salla. Sai da kati ya ƙare na koma gaban allon sanarwa na duba da kyau. An rubuta Zinder. Wato Damagaram, garin da Kawu yake zuwa ɗaurin aure da safe ya dawo ya kwana a gidansa.

Waɗanda suka gabace mu Badagry aka kai su, ƙauyen Faransanci na Legas, suka dawo da hotunan teku. Amma na lallashi kaina da cewa Badagry duk nisanta Najeriya ce, ni kuwa iyaka zan tsallake. Na sayi akwati mai taya, na sayi baƙin tabarau, na ari kwat. A Gumel, cikin watan zafi.

Kawu dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari, wadda ke ci duk Alhamis. Rabin mutanen da yake ciniki da su a kara daga can tsallake suke kora raƙuma da shanu da raguna, shi ya sa aljihunsa biyu ne, ɗaya na naira ɗaya na sefa. Daren da zan tafi ya kira ni zaure ya ce, “Zauna in koya maka lissafin kuɗin Faranshi.”

Na ce, “Kawu, ai shekara biyu ke nan ina karanta harshensu. Ina ƙirgawa har miliyan.”

Ya dube ni, ya dubi kwat ɗin da ke rataye a hannuna, ya ce, “To madalla. Allah ya kiyaye hanya, mushe.”

Mako uku na yi ina haddace jimlar da zan faɗa a bakin iyaka, mai ɗauke da sunana da sana'ata da dalilin zuwana. Da muka wuce Maigatari aka tsayar da mu, na sauko daga motar da na shigo tare da mata shida da buhunan gari da akuya biyu, na gyara tabarau, na buɗe baki. Jami'in ya riga ni. Ya ce, “Sannu malam, ina zuwa da kwat cikin ranar nan?” Jimlar tawa ta koma ciki. Muka bi ta Dungas, gero iri ɗaya da namu, rumbuna iri ɗaya, har jakunan ma ban ga wanda ya yi kama da ɗan ƙasar waje ba.

A tashar Damagaram na samu abin da nake nema, wato abin da zai nuna mini lallai na bar gida. Na kira ɗan acaɓa, aka ce a nan kabu-kabu ake cewa. Na faɗa masa sunan makarantar, na tambayi kuɗi. Ya ce, “Dala hamsin.”

Na ce, “Dala me?”

Ya ce, “Dala hamsin, don kai baƙo ne.”

Ni a duniya dala ɗaya na sani, ta Amurka, wadda ake faɗar farashinta a rediyo kowa ya yi salati. Na lissafa dala hamsin a kai, na ga ta haura duk guzurina har da kuɗin akwatin. Na ce a raina, lallai an ce ƙasar waje da tsada, amma wannan fashi ne da rana tsaka. Na ce masa da kakkausar murya, cikin Faransanci don ya san ba bagidaje ya samu ba, “No, marsi!” Na ja akwatina na kama hanya a ƙasa.

Wanda ya ƙera akwati mai taya bai taɓa ganin yashi ba. Tayar farko ta fita kafin in yi nisa, ta biyu ta bi ta a gaban wani mai shayi. Daga nan na ɗora shi a ka, kwat a jiki, gumi na bin tabarau. Ɗan kabu-kabun nan ya wuce ni sau biyu da fasinja, a na biyun ya rage gudu ya ce, “Malam, kawo arba'in.” Ban ko kalle shi ba.

Abokin ɗakina ɗan Mirya ne, wani gari kusa da Damagaram. Da na ba shi labarin yadda na tsira daga hannun ɗan damfara, sai da ya kwanta a katifa don dariya. Da ya farfaɗo ya ciro wata ƙwandala ya ce dala ɗaya sefa biyar ce. Dala hamsin sefa 250 ke nan, kuɗin ƙosai da kunu. Kan sefa 250 na karya akwati na kuma sa wa kwat ɗin aro taswirar gishiri a baya. Ya ce, “Abu ne mai sauƙi, ɗan Ingilishi. Duk abin da aka faɗa maka da Hausa, ninka shi biyar.” Na rubuta wannan a bangon littafina, na ja masa layi biyu.

A daren na gane cewa Hausar tawa ma ba ta tsallako iyakar gaba ɗayanta ba. Makaranta lakwal ce, biro bik ne, littafin rubutu kaye, likita kuwa lokotoro. Na zo koyon Faransanci, sai na tarar rabinsa ya riga ya shige cikin Hausa ya sa hula ya zauna.

Washegari bayan la'asar ɗan Mirya ya ce, “In an yi isha za mu je fada, a gan ka.”

Gabana ya faɗi don murna. Kwana ɗaya da zuwana, har Sarkin Damagaram ya ji labarina! Na fiddo babbar rigar da Inna ta cusa mini a ƙasan akwati, na goge ta da gawayi, na kafa hula zanna. Ni bagumale ne, na san ladabin fada, na sha ganin yadda ake faɗuwa gaisuwa a ƙofar Sarkin Gumel ranar hawan salla. Ɗan Mirya ya fito da rigar ƙwallo da silifa. Na ce a raina, wataƙila bafade ne na cikin gida.

Muka yi ta ratsa lunguna har muka iso wata kwana mai fitila ɗaya. Ya ce, “Mun iso.” Na tuɓe takalmi tun daga nesa. Na hangi wani mutum kishingiɗe a tabarma, mutane sun kewaye shi, na durƙusa na dunƙule hannu na ce, “Allah ya ja zamaninka, ranka ya daɗe!”

Mutumin ya rage muryar rediyon da ke kan cikinsa, ya ce, “Wa ya rasu?”

Ashe a Nijar abin da muke kira majalisa shi suke kira fada: samari da tabarma da butar shayi a kan garwashi, ana karta ana musun ƙwallo har dare ya raba. Wanda na yi wa faɗuwar mai gyaran babur ne. Nan take suka naɗa ni Waziri, sunan da ya bi ni har na bar garin. Suka ba ni shayi a ɗan mitsitsin kofin gilashi, na farko mai ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya. Aka kawo na biyu, aka kawo na uku mai zaƙi, duk a cikin da babu komai sai ƙosan rana. Na kwana ido biyu ina jin bugun zuciyata, ina haddace jadawalin ninkin biyar, har ladan ya kira assalatu.

Fadar gaske sai a rana ta uku na gan ta, ita ma da ƙafata na je, cikin riga mai sauƙi. Tana cikin Birni, tsohuwar unguwar da ganuwa ta taɓa kewayewa, inda manyan duwatsu suke zaune a tsakanin gidaje kamar giwaye sun durƙusa. Zanen da ke fuskar gidajen ya tsayar da ni, domin irinsa kakanninmu suke yi kafin siminti ya zo ya shafe komai. Wani dattijo da ke zaune a inuwar ƙofa ya ɗauki nauyin zagayawa da ni. Shi ya ba ni labarin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar, ya sa maƙera suna zuba masa igwa a cikin garin, ya rasu a 1884. Ya ba ni na Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe hafsan Faransa Kazamaju a 1898, shekara ta zagayo Faransawa suka dawo da bindigogi suka ci garin. Ya ce nan ce hedikwatar Nijar har 1926 da aka mayar da ita Yamai, ya faɗi haka da muryar wanda aka ƙwace wa gona jiya.

Sai ya tambaye ni garinmu. Na ce Gumel.

Ya yi murmushi ya ce, “Lautai! Ai kakanninmu sun sha zuwa garinku.”

Na ce, “Fatauci, Baba?”

Ya ce, “To, sukan dai dawo da kaya.”

Na yi shiru, don na tuna abin da tsofaffi ke faɗa game da hare-haren Damagaram a ƙasar Gumel. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, ai tsohuwar hedikwatarmu ma, Tumbi, a ɓangarensu take yanzu, saboda haka ni ba baƙo ba ne, ɗan gida ne da ya daɗe bai zo gaisuwa ba. Ya ƙara da cewa wani Bajamushe mai suna Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852. Wannan na san shi, domin ya bi ta Gumel a 1851. Mutum ya taso tun daga Turai, ya ratso Sahara a kan raƙumi, ya yi ciniki da Hausa a garin nan. Ni na taso daga tafiyar wuni ɗaya, an yi mini magana da harshen uwata, na ɗauki akwati a ka.

Daga Birni na gangara kasuwar Dole don in saya wa Inna tsaraba. Damagaram ta yi suna a aikin fata, na kuwa samu wani baduku da jakunkuna masu kyau. Na ɗaga wata ja mai tuntu na tambaya. Ya ce, “Jika biyu.”

A nan ne ilimi ya yi mini rana. Na san jika sefa dubu ce, ɗan Mirya ya faɗa mini. Na kuma san doka: duk abin da aka faɗa da Hausa, a ninka biyar. Dubu biyu sau biyar, dubu goma. Na yi dariyar manyan 'yan kasuwa, irin wadda Kawu yake yi in an tsauwala kuɗin sa, na ajiye jakar na yi kamar zan tafi, sannan na juyo na taya rabi, da Faransanci tsantsa: “Senk mil.” Dubu biyar, ko sisi ba zan ƙara ba.

Na sha ganin ciniki a Maigatari, ban taɓa ganin an ce “na sallama” da sauri irin na ranar ba. Bai ce albarka ba, bai ce in ƙara ba. Ya naɗe jakar a takarda, ya karɓi kuɗin da hannu biyu, ya ɗauko wani ɗan ƙaramin alabe ya ɗora mini gyara, ya ce, “Riƙe wannan, ka riƙa adana abin da ya rage maka.”

Da na nuna wa ɗan Mirya, wannan karon bai yi dariya ba, tausayi ne ya kama shi. Ya ce jika an riga an ninka ta, dala 200 ce, kamar yadda jaka take naira 200 a wajenmu. Dala kaɗai ake ninkawa. Na ce ai ba haka ya faɗa ba. Ya ce bai zaci zai haɗu da wanda zai taya kaya sama ba.

Na so in rufe ranar da hoto ko ɗaya da zan tura Gagarawa. Akwai wani tsohon gini na zamanin Faransawa a kan tudu, na hau wani dutse na saita waya, na sa tabarau. Ban ɗauka ba na ji an ce “Kai!” daga ƙasa. Soja ne. Ashe bariki nake shirin ɗauka. Na sauko ƙafafuna na rawa, kuma a nan ne, bayan kwana uku, jimlar nan ta bakin iyaka ta samu ƙofar fita. Na zubo ta duka ba numfashi: sunana, sana'ata, dalilin zuwana. Ya saurara har na kai aya. Ya gyara mini fi'ili ɗaya. Sannan ya duba wayar ya ga babu komai sai hoton akuyoyin da muka shigo mota tare, ya miƙo mini ya ce da Hausa, “Ɗan ina ne kai?”

Na ce Gumel. Ya ce kakarsa 'yar Sule Tankarkar ce, in na koma in gaida mutanen can. Ya nuna mini hanya ya ce in hau kabu-kabu, kada in ba da fiye da dala arba'in.

A daren na ƙirga abin da ke cikin alaben, na fita bayan ɗaki inda ɗan Mirya ba zai ji ba, na kira Kawu. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi Faranshi da mutanenta, bai taimake ni da komai ba sai da na faɗa da bakina cewa guzuri ya yi ƙasa.

Ya ce, “Nawa kake so?”

Na yi lissafi a tafin hannu, na sake yi, na ce, “Dala dubu biyu, Kawu.”

Ya ce, “Ta Amurka ko ta Faranshi?”

Ranar Juma'a wani direban da ya kwaso 'yan kasuwa daga Maigatari ya zo ƙofar makaranta yana cigiya da ambulan a hannu. Babu sunana a jiki. Da ajami aka rubuta, da hannun Kawu: a ba mushe.