Ƙwallo Mai Ƙaho

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya sami ƙafata bara, ƙwallo nake cewa. Raunin ƙwallo yana da mutunci. Idan ka ce a fili ka ji ciwo, har samarin majalisa sai su matsa maka a benci, wani ya ce, “Wayyo, irin na Van Dijk ke nan.” To shi Van Dijk, ai mai tsaron ragar Everton ne ya afka masa a watan Oktoba na 2020, duniya tana kallo. Ni kuwa ragon layyata ne ya kai ni ƙasa, a tsakar gidana, gaban ’ya’yana.

Ranar jajiberin Sallah na fito da dusa a kwano, ina yi wa yara lacca kan yadda ake gane lafiyayyen rago. Sai ragon ya ja da baya. Ni a zatona ladabi ne. Ya taho a guje ya ba ni kai a gefen gwiwar dama ta waje, ƙafar tana kafe a ƙasa, gwiwar ta lotsa ciki. Dusa ta yi sama, ni na yi ƙasa. Autata ce kaɗai ta tambayi lafiya, ita ma ta ragon.

Daga nan unguwa ta karɓi ragamar jinya. Wannan ya ce man zafi, wancan ya ce a gasa da tsumma da tafasasshen ruwa, wani ya rantse mataccen jini ne, sai ƙaho. Ban watsa wa kowa ƙasa a ido ba, duk na yi, ban da ƙahon, don na ga ƙaho ya ishe ni haka. Mai ɗori ya zo ya lalluba, ya ce, “Malam, babu karaya, targaɗe ne.” Gaskiya ya faɗa, kuma da a nan ya tsaya da mun rabu lafiya. Sai ya ce a riƙe masa ni. Ƙarar da na saki, maƙwabta sun ɗauka an sake yanka wani ragon ne.

Bayan haka na yanke wa kaina hukuncin da na ga ya fi hankali: na ɗaure gwiwar da ɗankwalin uwargida, na kwanta, na hana ta motsi ko kaɗan. Makonni suka shuɗe. Zafi ya ragu, amma ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. A masallaci aka ba ni kujerar roba a ƙarshen sahu, tsakanin dattawa biyu da suka ga zamanin Sardauna da idonsu. Ɗayansu ya dube ni bayan sallama, ya ce, “Yaro, kai ma ka iso?” Maganar banɗakin tsuguno kuwa, bari mu bar ta a rufe. Washegari na nufi asibiti, aka tura ni sashen gashi.

Na shiga da babbar riga, ina tsammanin za a kwantar da ni a haska mini fitila mai ɗumi in yi barci. Wanda na tarar yaro ne sa’an ƙanena na uku. Ya ce, “Sannu Baba.” Wannan “Baba” ta fi tunkuyin ragon zafi. Ya miƙo mini gajeren wando ya ce in sa, don ba a duba gwiwa ta cikin shadda.

“Baba, yaya aka yi?”

“Ƙwallo ce, likita.”

“Kana gudu ka juya, ko wani ne ya buge ka?”

Ashe tambayar ba ta gulma ba ce. Yadda ciwo ya auku shi ne rabin ganewa. Wanda ya kafa ƙafa ya murɗa jiki, ya ji ƙara, gwiwa ta kumbura cikin ’yan sa’o’i, an fi zargin jijiyar ACL, ɗaya daga cikin biyun da suka gitta juna a tsakiyar gaɓar. Wanda gwiwarsa ke sarƙewa ta ƙi miƙewa, ana zargin guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Wanda aka buga ta gefen waje kuwa, jijiyar gefen ciki ce ke shan wahala, wadda suke kira MCL. Na fara tsara masa yadda wani ɗan baya ya shigo mini ta gefe. Uwargida, da ke zaune a kusurwa riƙe da babbar rigata, ta ce, “Likita, ɗan bayan nan fa mun cinye shi tun ranar Sallah.”

Yaron nan yana da tarbiyya. Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa, sannan ya dawo ya rubuta abin da zai rubuta.

Da lafiyayyar ƙafar ya fara, har na ce masa ya yi kuskure. Ya ce a’a, sai ya san yadda gwiwata take a asali kafin ya yi wa mai ciwon hukunci. Da ya dawo kan mai ciwon, ya ɗan lanƙwasa ta, kamar digiri 20 zuwa 30, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya fizgo ƙwauri gaba da ɗayan. Wannan shi ne gwajin Lachman, na ACL, kuma tawa ta tsaya cak. Ya naɗe ƙafar ya murɗa ta yana miƙarwa, yana sauraron ƙas, gwajin da ke ɗauke da sunan McMurray, wani likitan ƙashi na Liverpool. Shiru. Sai ya dafe gefen waje ya tura ƙafar. A nan na ambaci sunan Allah da ƙarfi. Ya ce MCL ce ta yage amma ba ta tsinke ba, mataki na biyu cikin uku.

Na ce to a yi hoto mana. Ya ce hoton ƙashi ƙashi yake nunawa, jijiya sai MRI, kuma tawa ba ta kai nan ba. Akwai ƙa’idojin da likitocin Ottawa ta Kanada suka tsara na wanda ya kamata a yi wa hoto bayan rauni: wanda ya kai shekara 55, ko ya kasa taku huɗu, ko ya kasa lanƙwasa gwiwa zuwa digiri 90, ko ƙoƙon gwiwar ko kan siririn ƙashin gefe ke zafi in an taɓa. Ya ƙara da cewa na yi sa’a, MCL tana samun jini sosai, galibi takan warke ba tiyata. Mai ACL da aka yi wa aiki yakan yi wata tara ko fiye kafin ya koma fili.

Sai ya ɗauko tef irin na tela ya auna cinyoyina biyu. Ta dama ta rame, ido ma yana gani. Ya ce, “Baba, rago ya yi nasa, amma wannan aikinka ne.” Tsokar gaban cinya ita ke riƙe gwiwa, kuma da zarar an daina aiki da ita take fara zubewa. Kwanciyar da nake taƙama da ita ce ta sandarar da gaɓar.

Maganin da ya rubuta ya ba ni haushi saboda arharsa. In naɗe tawul a ƙarƙashin gwiwa in danna, in ƙirga goma. In kwanta in ɗaga ƙafa a miƙe. In ja dunduniya zuwa mazaunai a hankali. In ta kumbura, ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20. Babu allura, babu ko ƙwaya mai launi da mutum zai nuna wa baƙi. Daga baya aka ɗora ni kan keken da ba ya zuwa ko’ina, ina zufa, wata tsohuwa da aka yi wa aikin ƙugu tana gefena tana ba ni haƙuri. Aka koma hawa matakala, aka koma tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a rufe, don gwiwa ta sake koyon sanin inda take ba tare da an duba ta ba. A gida yara suka mayar da abin wasan kallo, suna ƙirga mini da ƙarfi, suna kai rahoto kicin idan na yi ha’inci.

Na yi ha’incin kuwa. Wani mako na yi watsi da tawul, na je na ce masa kullum ina yi safe da yamma. Bai yi musu ba, ma’aunin kusurwa kawai ya ɗora a gwiwar ya nuna mini lambar. Tana nan inda ya bar ta.

Da ya tambaye ni burina, ban ce gudu ba, na ce zaman tahiyya. Ya ce wannan ai ya fi tafiya da hawa bene neman lanƙwasa, sai dunduniya ta taɓa mazaunai, don haka shi ne zai zo a ƙarshe. Haka aka yi. Ranar da na mayar wa ladan kujerarsa, dattijon nan cewa ya yi zai ajiye mini wurin.

Mai karatu, idan taka gwiwar ta kumbura bayan bugu, ko tana sarƙewa, ko tana zillewa in ka taka, ajiye man zafin nan ka je a duba ta tun da wuri. Ka tafi da gajeren wandonka, don na asibitin ba ya rufa wa mai tumbi asiri.