Yadda Ake Yi wa Barkono Aski

Barkono idan aka bar shi da son ransa, sama kawai yake nufa. Yakan miƙe siriri, dogo, ba reshe a ƙasa, har ranar da iskar hadari za ta kwantar da shi. Maganinsa aski, kuma ba sai an kira wanzami ba.

Amma kada ka tarbi dashen jiya da reza. Ba shi kamar mako 2 ya kama ƙasa tukuna. Idan ya kai taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20, ya yi ganye 6 zuwa 8, to ya isa. Sai ka tsinke tohon can ƙoli, daidai saman wani ganye, ka bar aƙalla ganye 4 a ƙasa. Farce ma ya wadatar.

Ga dalilin. Tohon ƙoli yana sakin wani sinadari mai suna oksin, wanda ke hana idanun da ke hammatar kowane ganye motsawa. Da ka cire shi, sai kowane ido ya farka ya zama reshe. Tsiron ya yi gajere, ya yi faɗi, ya sami wuraren fure da yawa. Kuɗin askin kuwa jinkiri ne, domin furen zai makara da mako 2 ko fiye. A cikin wannan lokaci maƙwabcinka zai leƙo ta kan darni ya ce, "Malam, akuya ce ta shigo?" Ka amsa masa da fara'a. Gaskiya akuya ma ta iya wannan aiki, kuma kyauta take yi, illarta dai ba ta ƙirga ganye.

Ba kowa ake yi wa ba. Ƙananan barkono da attarugu suna karɓar aski da kyau. Tattasai kuwa, a ganina, a ƙyale shi da sumarsa. 'Ya'yansa manya ne, ganyen ne ke yi musu inuwa, kuma rana irin ta Diffa, inda tattasai ya yi suna a bakin Komadugu Yobe, tana iya ƙona gefen ɗan da aka bari a fili har ya yi fari ya ruɓe. Tsiron da ya riga ya rabu gida biyu da kansa shi ma ya gama maka aiki. Haka kuma idan ka makara da dashe, damina ta kusa ɗaukewa, ba ka da rijiya ba ka da fadama, ajiye rezar. Mai noman rani da ruwa a hannu shi ke da lokacin jira.

Ka yi aikin bayan raɓa ta bushe, ba cikin yayyafi ba, don ciwon ya kame da wuri. Ka wanke reza da sabulu tsakanin tsiro da tsiro, musamman idan ka ga mai ganye a murɗe ko mai dabbare-dabbare, domin ƙarfe da yatsa suna yawo da cuta. Mashaya taba su wanke hannu sau biyu: akwai cutar ganyen taba da ke kama barkono, kuma ba ta neman izini.

Ganyen da ke jan ƙasa, cire shi. Furen farko da ya fito tun tsiron bai yi ƙwari ba, shi ma cire shi, ko da zuciyarka za ta yi ƙuna. Daga nan ka mayar da hannu aljihu. Reza tana da daɗin riƙo, kuma wanda ya ga reshe ya fito yakan ji kamar ya ƙara, har ya wayi gari da tsinke a tsaye.

Askin kansa ba ya yaji, domin zafin yana cikin 'ya'yan ne. Ranar tsinka ce abin tsoro. Ruwa zalla ba ya wanke yajin attarugu, sai ka murza ɗan man gyaɗa ka bi da sabulu, kuma ka yi hakan kafin ka ɗauki butar alwala.