Gaishe Ka Dila, Gatan Mai Sayen Babur

A cikin bayin Allah da duniya ta ƙi yi wa adalci, ban ga na biyun dilan babura na ƙasar Amurka ba. Likitoci suna karɓar lambar yabo, sojoji ana sa wa tituna sunansu, amma mutumin da ke sammako ya goge gilasan shagonsa, ya jera babura suna ta sheƙi, ya zauna jiran wanda zai rage wa nauyin aljihu, shi ko sannu ba a ce masa. Sai ma tsegumi da ake binsa da shi: wai farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, wai ƙarin garantin da yake sayarwa takarda ce kawai mai tambari. Yau dai na ɗauki alƙalami in wanke shi tas, domin yabon gwani ya zama dole.

Mu fara da farashi. Kamfanin da ya ƙera babur yakan sanar da kuɗinsa da manyan lambobi, a jarida da intanet da kan takardar da ke reto a kan babur ɗin. Daga gefen lambar akwai wata 'yar alama mitsitsiya, wadda ke nuni ga wani ɗan rubutu a can ƙasa, mai cewa wannan kuɗi bai haɗa da kaza da kaza ba. Mahassada suna kiran wannan yaudara. Ni kuwa tausayi na gani. Dila ya san hawan jini ya yi wa mutanen zamanin nan katutu, shi ya sa ba ya faɗa wa mutum gaskiyar kuɗi a tashi ɗaya. Yakan ba shi kaɗan-kaɗan, yadda zuciya za ta iya ɗauka.

Da farko kuɗin dako, tunda babur bai tako da ƙafarsa daga Japan ba. Sai kuɗin haɗawa, domin a akwaku yake zuwa, dole wani ya ɗaura madubi, ya jona batir, ya zuba baƙin mai. Sai kuɗin takardu, wato ladan yaron da ya wahala wajen rubuta sunanka a kwamfuta. Sai harajin jiha, da rajista, da lamba. A shekarun 2021 da 2022, da annobar korona ta sa kaya suka yi ƙaranci, diloli da dama sun ƙara wani layi na daban da suka ce na daidaita farashi da kasuwa ne. Ma'anarsa a taƙaice: mun ga kana so. Ina wani ɗan kasuwa da zai faɗa maka haka ƙiri-ƙiri, har ya rubuta a rasit? In wannan ba riƙon gaskiya ba ne, to mene ne?

Idan jimla ta fito mai saye ya fara gumi, nan ma dila ba ya barinsa cikin damuwa. Sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Abokina, manta da wannan lamba. Nawa za ka iya biya a wata?" Tambaya ke nan ta mai son ka da alheri. Da zarar ka ambaci abin da ba zai hana ka barci ba, sai a ja bashin daga wata 36 zuwa 60 ko 72, har lissafi ya zauna daram. Gaskiya ne kuɗin ruwa zai yi ta haihuwa a tsawon shekarun nan, kuma sau da yawa bankin da ya ba da bashin yana yi wa dila ihsani saboda kawo masa kai da ya yi. Amma wa ya tambaye ka jimla? Kai dai ka fita da murmushi, kuma murmushin mai saye shi ne burin dila a rayuwa.

Duk wannan sharar fage ce. Gwanintar tana ɗaki na ƙurya, ofishin kuɗi da sa hannu, inda ake kai mutum bayan ya gaji tiɓis da ciniki, ƙafarsa na ƙaiƙayin hawa sabon babur. A nan ne ake nuna wata karama da ya kamata masana su bincika. A zauren gaba, mai talla ya rantse maka cewa wannan inji ba ya ciwo, jikanka ma zai hau shi. Taku goma kacal zuwa ƙurya, sai ga babur ɗin nan ya zama majinyaci. "Yallaɓai, baburan yanzu ai duk kwamfuta ce. Na'ura ɗaya ta ƙone, kuɗin gyara sai ya kusa na sabon inji. Ni dai ba zan so in ga haka ta same ka ba." Mutum biyu, shago ɗaya, babur ɗaya, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa, domin kowanne da irin la'adar da ake biyansa. Na gaba yana sayar da kwanciyar hankali a haɗe da babur. Na ƙurya yakan karɓe ta, sannan ya sake sayar maka da ita a takarda.

Takardar ita ce ƙarin garanti. Don a gane hikimar da ke cikinta, sai an san abin da ke zuwa kyauta. A Amurka galibin baburan Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki suna zuwa da garantin kamfani na wata 12. Na Harley-Davidson wata 24 ne, na BMW kuwa wata 36 ko mil 36,000. To, kowane bakanike ya san halin inji. Aibin da ya taho da shi daga masana'anta, irin kusar da ba a ɗaure ba ko wayar da aka jona a karkace, da wuri yake bayyana, lokacin da kamfani ke da alhakin gyara. Ciwon tsufa kuma sai an sha tafiya yake zuwa. Tsakanin biyun akwai shekarun ƙuruciya, lokacin da inji ke cikin ƙoshin lafiya. To waɗannan shekarun ne dila ya zaɓa ya tsaya maka a kansu. Wane irin hangen nesa ne wannan! Ya duba rayuwar babur kaf, ya gano lokacin da ba ka buƙatarsa, ya ce a nan zai kasance tare da kai.

Kada kuma a ce bai yi tanadin abin da kan lalace ba. Ya yi, har ya jera su da suna: taya, takalmin birki, sarƙa da haƙoranta, faifan kuloci, batir, fulogi, ƙwan fitila. Duk ya rubuta cewa ba ruwansa da su, tunda su cinyewa suke yi da amfani. Ya zama maigadin da aka ɗauka ya ce ya karɓi amanar turmi da dutsen niƙa, amma awaki da kaji ba sa cikin yarjejeniya. Kuma a yi masa adalci, tunda ya kama aiki ba a taɓa sace turmin ba.

Ko abin da takardar ta ɗauka, ba a samunsa da garaje, domin dila malamin tarbiyya ne. Yana koya wa mutum tsari: ka adana rasit ɗin kowane juyen mai, in ɗaya ya ɓata a ce sakacinka ne ya kashe injin. Yana koya masa ƙana'a: ka canza salansa ko ka taɓa na'urar mai don ƙarin gudu, an samu abin kafa hujja. Yana koya masa haƙuri: a yawancin irin waɗannan takardu ba a kwance ko kusa ɗaya sai ofishin da ke riƙe da yarjejeniyar ya ba da izini, a wasu kuma sai ka fara ajiye naka kason kafin su sa nasu. Tsere da babur an hana, haya da shi an hana. A jihohin arewa irin su Minesota, inda dusar ƙanƙara ke kulle babur a gareji wata da watanni, garantin yana nan yana aiki ba dare ba rana, yana kare babur ɗin da ko tayar da shi ba a yi ba. Wane ma'aikaci ne ke da irin wannan himma?

Akwai kuma kunya, wadda ta yi ƙaranci a wannan zamani. Dila sarin takardar yake yi, ya ɗora ribar da ya ga dama, shi ya sa a yawancin jihohi takarda ɗaya mai tambarin kamfani ɗaya takan yi farashi daban-daban daga shago zuwa shago. Haka nan manyan kamfanonin sukan bar mutum ya saye ta a kowane lokaci kafin garantin asali ya ƙare, ba lalle sai ranar sayen babur ba. Dila ya san duk wannan, amma kawaici ba ya barinsa ya furta. Ya gwammace ya zuba kuɗinta cikin bashinka, ka fara biyan ruwa a kanta tun yau, alhali ba za ta fara aiki ba sai baɗi ko baɗin baɗaɗa.

Mutum irin wannan ba ya rasa maƙiya, kuma babbar maƙiyiyarsa gwamnati ce. Tun 1975 majalisar Amurka ta yi dokar Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sharaɗin sai an sayi kayan gyaransa ko an yi gyara a shagon dilansa, sai fa in kyauta zai bayar. Ka ji shisshigi. A watan Yunin 2022 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta zargi Harley-Davidson da saɓa wa wannan doka, kamfanin ya amince ya gyara rubutun garantinsa. Laifinsa kawai bai so masoyansa su riƙa yawo wurin baƙin makanikai masu arha. A Disambar 2023 hukumar ta sake fito da wata ƙa'ida da za ta tilasta wa dilolin mota faɗin cikakken farashi tun farko, ta kuma hana su cajin ƙarin da ba shi da amfani ga mai saye. An yi sa'a tun a rubutun ƙarshe aka tsame dilolin babura, sannan ƙungiyoyin dilolin mota suka garzaya kotu, a Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta bisa hujjar ba a bi matakan kafa ta daidai ba. Allah ba ya barin bawansa.

'Yan'uwan dila a wannan sana'a ma sun sha tsangwama. Kamfanin US Fidelis na jihar Mizuri ya sayar wa ɗimbin masu mota ƙarin garanti, ya karye a 2010, masu shi 'yan'uwa biyu suka ƙare a gidan yari. A Agustan 2023 hukumar sadarwa ta ci tarar wasu masu tallar garantin mota ta waya kusan dala miliyan 300, saboda sun buga kira sama da biliyan 5 cikin wata uku a 2021. Jama'a, a zamanin da ɗan'uwa ba ya kiran ɗan'uwa sai da dalili, a samu masu kiranka safe da yamma suna tambayar lafiyar motarka, sakayyarsu ita ce tara?

Idan na dubi namu dilolin na gida, masu Boxer da TVS da Haojue da Jincheng, sai in ga ashe da sauransu. Garantin da yawansu a baki yake: "Alhaji, ɗauki kawai, in ya ba ka matsala ina nan." Ka dawo bayan sati biyu, a ce ai kai ne ka zuba masa jabun baƙin mai, ko ka ba shi wuta tun bai sake ba, a nuna maka gindin rasit inda aka buga cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kaya masu aibi, amma ba mu cika son tayar da zaune tsaye ba. Illar namu ɗaya ce: alkawarin da ba za su cika ba, kyauta suke bayar da shi. Takwaransu na Amurka ya gano cewa kuɗi ne kwance. Ranar da wannan ilimi ya iso kasuwanninmu, ɗan acaɓa zai biya kuɗin garanti cikin balas ɗinsa na kullum, sai ranar da inji ya buga a karanta masa layin da ya ce babur ɗin haya ba ya ciki.

Saboda haka ina roƙon duk mai shirin sayen babur, a can ko a nan, ya ji tsoron Allah ya guji waɗannan munanan ɗabi'u. Kada ya nemi a rubuta masa kuɗin ƙarshe, wanda zai biya ya tura babur waje, kafin ya taka shago. Kada ya kira dila uku ko huɗu ya gwada bakinsu, wannan haɗa faɗa ne. Kada ya nemo bashinsa daga bankinsa tun daga gida. Kada ya ce a cire masa kuɗin takardu ko a rage na haɗawa. Kada ya ce zai tafi da yarjejeniyar garanti gida ya karanta, musamman shafin abubuwan da ba ta ɗauka ba, domin karatu rashin yarda ne. Kada ya tambayi wane kamfani ne zai biya in wanda ya sayar masa ya rufe shago. Mafi muni duka, kada ya ware kuɗin garantin ya ajiye a asusunsa da sunan gyara, har shekaru su wuce babur bai lalace ba, kuɗin su zama nasa.

Wanda duk ya aikata waɗannan, alhakin dila da iyalansa yana wuyansa, kuma tun a duniya zai ga sakayya: zai koma gida da babur lafiyayye da canji a aljihu, ya zauna shi kaɗai da kuɗinsa, ba mai taya shi kashewa.