Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bankin Da Ke Tsakiya

Zuwa ga Mai Girma Bankin da ke Tsakiya,
Wani dogon bene, birnin New York.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, in har banki na da iyali. Ba sai na faɗi sunana ba, ai ka san lambar asusuna, tunda da asubar yau ka tsoma hannu a rabona.

Ni mai fassara ne, ina zaune a Kubwa. Wani kamfani a Jamus ya ba ni aiki, na gama, na tura musu takardar neman biya ta dala 400. Suka ce ƙa'idarsu sai bayan kwana 30. Da wa'adin ya cika suka ce akantansu ya tafi hutu. Duk na shanye. Yau ina idar da salla alat ya shigo: dala 355.

Kamfanin ya turo mini takardar MT103, shaidar cewa 400 cif suka saki. Na shiga motar haya zuwa bankina a Wuse. Ma'aikaciyar ta ɗora kan biro a wani ɗan layi, ta ce mai turawa cajin bankinsa kawai ya biya, duk abin da aka yanka a hanya a wuyan mai karɓa yake. Na ce waye a hanyar? Ta ce kai ne. Ta ƙara da cewa wataƙila ma ku biyu ne.

To, Yallaɓai, wa ya gayyace ka? Mai aiki yana Jamus, ni ina Abuja. An ce duk dalar da za ta tsallaka ƙasa ta banki sai ta biya ta gidanku a Amurka ta kwashi gaisuwa. Na ji. Amma wane kaya ka ɗauka? SWIFT ɗin nan da aka kafa a Beljiyam tun 1973 saƙo kawai yake kaiwa, ko sisi ba ya hawa jirgi. Kwamfutarka ta rage lamba a nan, ta ƙara a can, shi ke nan aikin. Dillalin shanu a karar Dei-Dei ma da ke karɓar la'ada, ya sha rana, ya buɗe bakin sa ya duba haƙori, ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, kuma in ya zarce za ka iya riƙe masa riga. Kai ba fuska, ba lambar waya, ba rasit!

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne awonka ba ya duba girman kaya. Yankan da za ka yi wa ɗan kwangilar da aka turo wa dala miliyan ɗaya, kusan shi za ka yi mini. Shi ko a jikinsa. Ni kuwa dala 45 ta kai naira 60,000, kuɗin data ne da man janareta na daren da na kwana ina gyara wasulla da ƙugiyoyi a aikin da ko kalma ɗaya ba ka karanta ba. Kai wane irin mara kunya ne? Ka san nawa mai gida ke nema a Kubwa, kuma na shekara guda a dunƙule?

Kada ka ce in canza hanya. Da PayPal ya shigo Najeriya a 2014, turawa ya yarje mana, karɓa kuwa ya ce a'a. A Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci kamfanonin aiko da kuɗi su riƙa biya da naira zalla. Daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025 muna cikin jerin ƙasashen da FATF, hukumar yaƙi da halatta kuɗin haram, ta sa wa ido, ana ta tambayata asalin dukiyata. Dukiya! Mai haraji kuma ya ce shi ma yana nan tafe.

Ka zo wurin 'yan canji a Zone 4 ka ga aiki. Alhaji na zaune kan benci da waya biyu da carbi, zai faɗa maka ribarsa a gaban idonka, kafin shayinka ya huce kuɗi ya isa Guangzhou.

Na roƙi kamfanin su riƙa ɗaukar cajin gaba ɗaya, suka ce tsarinsu bai yarda ba. Wani biyan na nan zuwa ranar Alhamis, dala 120 ce kacal. In ba ka jin tsoron Allah, ka ji kunyar lissafi, ka dubi girmanta kafin ka ɗora wuƙa.

Naka ba da son ransa ba,
Wani mai fassara, Kubwa.