Taubashi, kada ka sayi gona a Amurka

Taubashina,

Yaya Inna da ciwon ƙafarta? An ce mini daminar bana ta yi albarka daga Gangara har Tarka. Allah ya sa rumbunka ya cika, ko da yake duk Tanut an san kai ne babbar garar da ke cinye shi. Ni kam lafiya lau nake a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suka yi yawa har ranar Juma'a a ƙofar masallaci Hausa da Zabarmanci kake ji ta ko'ina.

Ka ce in ba ɗanka shawara tunda ya shiga Jami'ar André Salifou a Damagaram yana son Ingilishi. To, ka zaunar da shi ka karanta masa wannan, in har karatunka na lakwal bai gudu ya bar ka ba. Ya riƙe nahawu da kyau, amma ya buɗe kunne ga karin maganar masu harshen, don a nan mutanen suke ɓoye abin da suke nufi.

Mu a Damargu, ƙasar da geronta ya ciyar da ayarin Abzin shekara da shekaru, idan aka ce wane ya sayi gona, barka ake zuwa yi masa. A Amurka kuwa, in ka ji an ce ya sayi gonar, to ya riga mu gidan gaskiya. Daga bakin sojoji maganar ta bazu. Suna kuma cewa ya shuri bokiti, ma'anar ɗaya ce. Ka tuna wanda zai shuri guga a bakin rijiyoyin arewacin Belbeji, bayan raƙumi ya gama jan igiya da kyar, makiyaya na tsaye da garke: shi ma dai ƙarshensa bai yi nisa ba. Amma ka gargaɗi yaron, duka biyun maganar wasa ce, ba a faɗinsu a gidan makoki.

Ruwan da muke cewa kamar da bakin ƙwarya, wanda malamin lakwal ya ce mana Faransawa igiyoyi suke gani a cikinsa, su Ingilishi cewa suke ana ruwan kyanwoyi da karnuka. Tsofaffi ne suka fi faɗa yanzu. Abu mai sauƙi yankin kek ne. Abu mai tsada ya ci hannu da ƙafa. Mai tona asiri ya zubar da wake, wannan kuwa sai na ce da sun san ka ne suka ƙirƙira.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta masu wasan kwaikwayo. Mutum zai hau dandali, abokinsa na ƙut da ƙut ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ka karya ƙafa. Addu'a ce fa! Tsoro suke kada fatan alheri a fili ya jawo akasinsa, sai su juya maganar. Da na gane haka sai na tuna Inna, yadda take ɓata rai in baƙo ya yaba ƙibar jariri bai ce tubarkalla ba. Ashe masu jiragen sama ma suna tsoron kambun baka.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan ba dariya kaɗai ba ce. Akwai wani yaro daga wajen Tarka da muke aiki tare a sito, yana yawan makara. Rannan shugaban aiki ya kira shi gefe, ya ce masa yana tafiya a kan siririyar ƙanƙara. Yaron ya dubi simintin ƙasa, ya ga busasshe ƙayau, ya yi murmushi ya ce na gode. Kowace kalma ya ji ta, amma bai san an ce masa saura ƙiris a sallame shi ba. Na ja shi waje na fassara masa, nan take cikinsa ya ɗuri ruwa. Yanzu kafin a buɗe ƙofa yana tsaye. Ina yaron da ya tashi cikin rairayi zai san tafkin da ya daskare yana iya fashewa da mutum? Irin wannan rashin fahimta ke faruwa da mutanenmu a asibiti da gaban alƙali, suna gyaɗa kai don kunya. Ka ce wa ɗanka in bai gane ba ya tambaya, ko sau nawa ne.

Saura guda, taka ce. Abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, suna cewa sai ranar shuɗin wata. Wato wata ya cika sau biyu cikin watan Nasara guda, kamar yadda ya yi a Agustan 2023, kuma sai an yi shekara biyu zuwa uku kafin a sake gani. Na lissafa, har shi ya fi ka cika alkawari, don kuɗin sharata na shekarun nan ban ga ko dala ba. Ka damƙa wa Inna su ta sayi magani, zan kira ta in tambaya. Kada ka ce ina jan ƙafarka, wato zolaya a wajensu. Wannan karon da gaske nake.

Ka gaida uwargida da yara, da mutanen majalisar bakin tasha.

Naka,
taubashinka da ya fi ka