Fatalwa Mai Tafireta

Bayan na yi nazari mai tsawo a kan wasan Indiya mai suna Typewriter, wanda Netflix ta fitar a 2019, kuma yaran gidanmu a Musawa suka kalla a waya guda, kai goma a kan allo ɗaya, sai na haƙiƙance cewa fatalwar Indiya ta fi aljanunmu wayewa da daraja. Tana da katafaren gida a Goa, ba ta biyan haya, har da tafireta take buga rubutu cikin dare. Namu kuwa, Allah Sarki, shekara aru-aru suna kan tsamiya ko kukar bakin gona, ba su taɓa riƙe ko alƙalami ba.

Yaran sun sha dariya, suna cewa ai wannan wasa ne kawai. Babbansu ma ya rantse shi jarumi ne.

Da dare ya raba, akuya ta taka kwanon tuwo a tsakar gida. Jarumin ne ya fara Ayatul Kursiyyu, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji.

Tun ranar, bayan sallar isha'i, mutum uku ke raka shi banɗaki.